Yarinya Ɗaya a Cikin Aji

Ya kai ɗalibi, ke kuma ɗaliba, ga wani labari da nake ganin ya kamata kowane yaro ya ji tun yana makaranta.

Ranar 14 ga Nuwamba, 1960, wata yarinya 'yar shekara shida mai suna Ruby Bridges ta shiga makarantar firamare ta William Frantz da ke birnin New Orleans a ƙasar Amurka. Jami'an tsaro huɗu na gwamnatin tarayya ne suka raka ta, domin jama'a sun taru a bakin ƙofa suna ihu suna zaginta. Ita baƙar fata ce, makarantar kuwa har zuwa wannan rana ta 'ya'yan fararen fata ce kaɗai.

A wancan zamani, jihohin kudancin Amurka sun raba makarantu biyu. Dokar ta ce a raba, amma a daidaita su. A zahiri kuwa makarantun baƙaƙen fata su ne masu cunkoso da tsofaffin littattafai. Ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Brown, ta ce raba yara saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da haka, sai bayan shekara shida aka buɗe wa Ruby ƙofa. Da ta shiga, iyaye da dama suka janye 'ya'yansu. Mahaifinta ya rasa aikinsa. Malama Barbara Henry, farar fata daga birnin Boston, ita ce ta yarda ta koyar da ita. Ruby ta yi wata da watanni ita kaɗai a cikin aji.

Wasu iyaye da malamai suna cewa bai dace a ba yara irin wannan labari ba, wai yana da ɗaci, kuma yana iya dasa ƙiyayya a zukatansu. Na fahimci tsoronsu, amma ban yarda da su ba.

Da farko, idan yarinya 'yar shekara shida ta iya ratsa wancan taro kowace safiya, to, ku da kuka girme ta kuna iya sauraron abin da ya faru da ita. Yaro ya san rashin adalci tun kafin ya iya karatu. Wanda aka taɓa hana shi shiga wasa ba tare da dalili ba, zai gane halin da Ruby ta shiga.

Na biyu, labarin ba ya koyar da ƙin wani jinsi. Masu zagin Ruby fararen fata ne, haka ma malamar da ta tsaya tare da ita. Abin da ya bambanta su shi ne hali, kuma kowa shi yake zaɓar nasa.

Na uku, labarin ya nuna cewa doka kaɗai ba ta wadatar ba. Kotu ta buɗe ƙofa, amma kotu ba ta iya sa wani yaro ya zauna kusa da Ruby ba. Wannan aikin iyaye ne da malamai da ɗalibai. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai koyi zama da wanda ba irinsa ba yana yaro, da wuya ya koya da furfura a kansa.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi ajinku. Babu dokar da ta raba ku saboda launin fata. Amma wa ake yi wa dariya idan ya yi magana da lafazin garinsu? Wa yake cin abinci shi kaɗai lokacin tara? Akwai yaro a unguwarku da bai zo makaranta ba saboda talauci ko nakasa, ko don ita mace ce?

Ba ku da ikon yanke hukunci kamar alƙali, amma kuna da benci. Gobe idan baƙon ɗalibi ya shigo yana waige-waige, ku matsa masa ya zauna, ku tambaye shi sunansa.