Muryar Amami ta isa Tokyo, harshenta ya tsaya a tsibiri

A shekarar 2002 waƙar “Wadatsumi no Ki” ta hau matsayi na ɗaya a jerin Oricon, ma'aunin cinikin faya-fayai na ƙasar Japan. Mai waƙar, Hajime Chitose, an haife ta a 1979 a tsibirin Amami Oshima, can kudancin ƙasar. Tun tana yarinya ta koyi shima-uta, waƙoƙin gargajiyar ƙauyukan tsibirin, waɗanda ake rerawa da sanshin, wani dangin molo mai tsirkiya uku. A 1996, tana ɗalibar sakandare, ta lashe babbar kyautar gasar waƙoƙin Amami.

Abin da ya kama zukatan mutanen Tokyo shi ne maƙogwaronta: yadda take tsallakawa daga cikakkiyar murya zuwa siririya cikin gaɓa guda, tana karkaɗa wasali bisa kiɗan zamani. Wannan salo gadon Amami ne tsantsa. Kalmomin waƙar kuwa na daidaitaccen Japananci ne. A nan ya kamata mai nazarin harshe ya dakata.

Harshen Amami yana cikin dangin harsunan Ryukyu, kuma ɗan Tokyo ba ya jin sa sai ya koya. A ƙarni na 20 makarantu sun riƙa rataya wa yaro allon kunya a wuya in ya furta shi. A 2009 hukumar UNESCO ta sa shi cikin harsuna takwas na Japan da ke fuskantar ɓacewa. Yau mafi yawan masu iya shi tsofaffi ne.

Masu kare mawaƙiyar suna da hujja. Ta mai da abin kunya abin alfahari, kuma a 2018 ta fitar da faifai na shima-uta cikin harshen kakanninta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin wanda yake jin kunyar harshensa ba ya miƙa shi ga ƴaƴansa.

Sai dai baitin da aka haddace ba zance ba ne. Yaro yana iya rera waƙa ashirin ba tare da ya iya tambayar kakarsa kwana ba. Waƙa tana adana sauti da tsofaffin kalmomi. Nahawu kuwa sai a bakin uwa da filin wasa yake rayuwa. Hajime ta sauke nauyin da ke wuyan mawaƙi. Sauran aikin na iyaye ne da malaman makaranta, kuma ma'auninsa ba yawan faya-fayan da aka sayar ba ne, yawan yaran da suke gardama da harshen Amami ne.