Jatau Na Kyallu: Laifin Wa Ne?

Jama'a, wasan kwaikwayon nan na Malam Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu, ya haura shekara 50 da fitowa, amma har yau ana gardama a kansa. Labarin wani attajiri ne, Malam Jatau, wanda ya nace sai ya auri karuwa mai suna Kyallu. Aka yi masa nasiha ya toshe kunne, har gidansa ya watse, dukiya ta bi iska.

Masu sharhi sun kasu biyu. Wasu na yabon wasan don ya tona asirin makircin irin su Kyallu. Wasu kuwa na kukan cewa an mai da mace tushen kowace fitina. A ganinmu, ɓangarorin biyu Kyallu suka zuba wa ido, suka manta da maigida. Jatau ya san ko ita wace ce tun kafin a ɗaura aure, kuma da ƙafarsa ya kai kansa.

Wannan darasi namu ne, mu masu kai-da-kawo tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela. Da ciniki ya yi albarka sai tunanin ƙarin aure ya taso, alhali cikin jarin akwai kuɗin ubangida da na adashi, wani lokaci har da na uwargida da ta sayar da kayan ɗakinta ta tallafa. Ƙarin aure halal ne, amma Alƙur'ani ya sa sharaɗin adalci. Kafin a kai sadaki, a sauke haƙƙin mutane, a dubi waɗanda aka bari a gida.

Allah ya sa mu gane.