Mai Shan Maganin Tsinka Jini Da Allurar Kemis: Ina Haɗarin Yake?

A kasuwanni da ma'aikatun gwamnati har yanzu ana ganin allura ta fi ƙwaya saurin aiki. Da zarar an ce wa mutum taifot ke damunsa, sai ya nufi kemis ɗin unguwa a yi masa ceftriaxone, gobe ya koma shago ko ofis. Sau da yawa abin kan wuce lafiya. Amma lissafin ya sha bamban ga wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, irin su warfarin ko rivaroxaban, saboda gudan jini a ƙafa, ko bugun zuciya marar tsari, ko bayan tiyatar zuciya.

Haɗari na farko yana ga wurin da aka soka allurar. Idan aka yi ta a tsokar ɗuwawu, jinin da ba ya saurin daskarewa na iya taruwa can ciki inda ido ba ya gani, wurin ya kumbura, wani lokaci har ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ya sa likitoci kan fi son bayar da maganin ta jijiyar hannu, ko a ƙwaya.

Na biyu ya fi ɓuya, domin ba ya bayyana sai bayan kwanaki. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da dama na ƙara wa warfarin ƙarfi. Ceftriaxone na cikinsu, haka ma Flagyl da Septrin da ake saye kamar goro. Ga yawancin masu shan warfarin, ana so gwajin INR ya tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ya zarce sosai, sai a ga haɓo, jini a dasashi, jan fitsari ko baƙin bayan gida. Ciwon kai mai tsanani kuwa na buƙatar asibiti nan take. Rifampicin na masu tarin fuka akasin haka yake yi: yana raunana warfarin.

Duk da haka, allurar ba haramtacciya ba ce. Akwai masu ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya waɗanda ke karɓar allurar benzathine penicillin duk mako 3 ko 4 alhali suna shan warfarin, sai dai likita na lura da INR ɗinsu, kuma ana danne wurin na tsawon mintuna. Ajiye maganin tsinka jinin ba da izinin likita ba, don kawai a samu yin allura, ya fi muni, domin yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Giɓin yana wajen tambaya. Lasisin masu ƙananan shagunan magani bai ba su damar yin allura ba, amma ana yi, kuma da wuya a tambayi mai saye wane magani yake sha kullum. Majinyacin da ke yawo da katin asibitinsa, ya kuma faɗi sunan maganinsa kafin a buɗe sirinji, ya ba ma'aikacin lafiya damar sauya magani ko sa masa ranar gwajin INR cikin kwana 3 zuwa 5.