Wuƙar Aljihu: Ta Farce Ko Mai Sifirin?

'Yan kasuwa da dillalai, ku sani wata irin wuƙar aljihu ta fara yawa a teburan 'yan koli tun daga Sabon Gari har Samaru, yaranmu kuwa sai saye suke yi. Ita ce wadda in ka ɗan tura kaifinta da babban yatsa, sai wani sifirin da ke cikin ƙota ya ƙarasa buɗe ta, fat! Mu dai masu hatsi ba mu gamsu da ita ba.

Wadda muka sani ita ce ta farce: hannu ɗaya ya riƙe ƙota, ɗaya ya jawo kaifi. Irinta ce Okapi mai zobe a baya, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Mai sifirin kuwa baƙuwa ce daga Amurka, kamfanin Kershaw ya yaɗa ta tun 1998.

Ba za mu ci amanarta ba, tana da rana. In hannun hagu na riƙe da bakin buhu, buɗe wuƙa da hannu ɗaya sauƙi ne. To amma saurin na mene ne? Mai saye da ya yi rabin sa'a yana taya masara ba zai gudu don ka ɗau numfashi biyu kana buɗe wuƙa ba.

Ku duba inda muke aiki. Ƙaiƙayin gero, dusar masara, ƙurar hunturu, duk cikin gaɓar wuƙa suke taruwa. Ta farce in ta cije, a wanke da kananzir, a ɗiga mata mai, in ta saki maƙeri ya daddage ƙusar, shi ke nan. Waccan kuwa in datti ya cika ta sai ta tsaya a rabi, in sifirin ya karye babu mai ƙera maka wani. Wurin rufewa ma sai ka danne shi da ƙarfi, yatsunka kuwa na kan hanyar kaifi. Da kakar bara wani yaronmu ya je yanke zaren ɗinki, ta fizge a hannunsa, ta farke buhun dawa. Buhun leda kuwa kun sani, in ya fara tsagewa ba ya tsayawa. Aka kwashe da tsakuwa, mai kaya ya ce a cike masa mudunsa, daga aljihunmu aka cike.

Akwai abin da ya fi wannan. A hadisi ingantacce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya kama tsininsu, kada ya ji wa wani Musulmi. Kasuwarmu cunkoso ce, ga 'yan dako ga almajirai. Wuƙar da ke iya buɗe kanta a aljihun jamfa in buhu ya buge ka, ina ta dace da wannan umarni?

Su ma Turawa sun sha gardama a kanta. Amurka ta taƙaita cinikin wuƙa mai maɓalli a 1958, sai a 2009 ta fitar da mai sifirin daga wannan hukunci. Ingila ta hana mai maɓalli a 1959, ta ƙara tsanantawa a 2019. To in masu doka sun daɗe suna rarrabewa, jami'in da ya tsayar da motarka da dare a hanyar Funtuwa, ya ga wuƙa ta yi tsalle, ba zai tsaya rarrabewa ba.

Mu a rumfarmu mun ce wa yara kowa ya riƙe ta farce da basillarsa. Wanda ya riga ya sayi waccan, ya bar ta gida.