Sharhi: Zaɓen Jami'ar Koyon Shirya Fim, Abin Da Ya Kamata Iyaye Da Ɗalibai A Ikara, Maƙarfi Da Kudan Su Lura Da Shi

A duk shekara idan hukumar JAMB ta fara sayar da fom ɗin jarrabawar shiga manyan makarantu, akan ga ɗalibanmu na ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna tururuwa zuwa cibiyoyin rajista, kowa da kwas ɗin da ke ransa. A da, abin da aka saba ji shi ne likitanci ko aikin lauya ko malanta. Amma a 'yan shekarun nan an fara samun masu cewa su shirya fim suke son karantawa, lamarin da kan sa iyaye cikin ruɗani, domin da yawa ba su taɓa jin ana zuwa jami'a don wannan ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi tsokaci a kan makarantun da ke koyar da wannan fanni, da yadda za a zaɓa ba tare da an yi asarar kuɗi da shekaru ba.

Idan ba a manta ba, fim ba baƙon abu ba ne a karkararmu. Dattawa suna tune da motar majigi ta gwamnatin Jihar Arewa, wadda kan nuna fina-finai irin su Baban Larai don koyar da noman auduga. A 1976 marigayi Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar, sannan a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa. Akasarin waɗanda suka gina wannan masana'anta ta Kannywood a bakin aiki suka koya, yaro yana bin maigidansa har hannunsa ya faɗa. To amma kasuwar kaset da faifan CD ta mutu. Tun bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da kuma komawar masu shirya fim dandalin YouTube, mai kallo yana gwada fim ɗin Hausa da na ko'ina a duniya a cikin wayarsa. A 2024 ma fim ɗin Hausa mai suna Mai Martaba ne Nijeriya ta aika gasar Oscar ta Amurka. Irin wannan gogayya tana buƙatar waɗanda suka san aikin da tushe.

Tambayar farko da ya kamata uba ya yi wa ɗansa ko 'yarsa ita ce: wane aiki kake so a cikin fim ɗin? Idan fitowa a matsayin jarumi ne kawai, to wannan ba sai da digirin fim ba. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a watan Janairun 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Ayyukan da ke buƙatar zaman aji su ne na bayan kyamara: rubuta labari, ba da umarni, ɗaukar hoto, sarrafa haske, ɗaukar sauti da kuma haɗa hoto a kwamfuta. Waɗannan su ne sana'o'in da ke ciyar da mai su ko da fuskarsa ba ta taɓa fitowa a talabijin ba, kuma amsar wannan tambaya ita za ta nuna makarantar da ta dace.

Mafi kusa da mu ita ce Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke da sashen koyar da wasan kwaikwayo da kuma sashen koyon aikin jarida. Sashen wasan kwaikwayon ya yi suna tun shekarun 1970 wajen kai wasa ƙauyuka don tattauna matsalolin manoma, kamar yadda malamai da ɗalibansa suka yi a ƙasar Soba, maƙwabciyar Ikara, da Maska da kuma Bomo. Ɗalibin da ke son ƙwarewa a tsara labari da sarrafa 'yan wasa zai sami tushe mai kyau a nan. Bugu da ƙari, yaron Hunƙuyi ko Likoro ko Tashar Yari zai iya zuwa gida ya ɗebo masara da wake ya koma a rana guda, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga aljihun manomi.

Wanda kuwa zuciyarsa ke kan kyamara da na'urori, to garin Jos ne ya fi dacewa ya duba. A can ne Cibiyar Koyar da Shirya Fina-finai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1995 a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Tana ba da difloma, tana kuma ba da digiri tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, kuma fim ne kacokan abin da ta sa a gaba. Har ila yau a Jos ɗin akwai Kwalejin Talabijin ta NTA, wadda ke da alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai dole a yi lissafin nisa da kuɗin mota da na masauki, da kuma kuɗin da ɗalibi zai kashe wajen shirya gajeren fim na gwaji.

Jami'ar Bayero ta Kano ita ma tana da tsangayar sadarwa wadda ta ƙunshi sashen wasan kwaikwayo. Babbar ribarta ita ce kusanci da masana'antar kanta, domin ɗalibi zai iya neman gurbin koyon aiki a kamfanonin fim da gidajen talabijin na Kano a lokacin hutu. Sai kuma tamu ta gida, Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, inda ake koyar da aikin jarida da yaɗa labarai.

A nan akwai wani abin lura. A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta raba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, ɗaya daga cikinsu shi ne nazarin fim. Amincewa da kwas a takarda daban, fara koyar da shi a wata jami'a daban. Saboda haka kada ɗalibi ya dogara da jita-jita ko tallar da ya gani a waya. Ya duba kundin JAMB na shekarar da zai rubuta jarrabawa, ya ga ko jami'ar da yake so tana da kwas ɗin. Idan digiri ne, a tabbatar NUC ta amince da shi. Idan difloma ce ta kwalejin kimiyya da fasaha, a tabbatar da amincewar hukumar NBTE. Gajerun kwasa-kwasan da wasu ke shiryawa na makonni kaɗan suna da amfaninsu wajen koyon hannu, amma takardarsu ba ta maye gurbin digiri.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Kafin a biya ko sisi, ya kamata uba ko wani yaya ya raka ɗalibin makarantar, su tambayi ɗaliban da ke ciki: kyamara nawa ke aiki, ɗalibi nawa ke layi a kanta, akwai ɗakin haɗa hoto, kuma ana barin ɗalibi ya taɓa kayan da hannunsa? A nemi ganin finafinan da 'yan ajin ƙarshe suka shirya. Wanda ya shekara huɗu yana kwafar darasin kyamara daga allo ba zai iya gogayya da yaron da ya tashi a wurin ɗaukar fim ba.

Babban tarkon da muke so mu ja hankali a kansa yana tun a sakandare. Galibin waɗannan kwasa-kwasai suna neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da adabin Turanci. Ba kowace makarantar karkara ce ke da malamin adabin Turanci ba, kuma ɗalibin da bai ɗauki darasin tun ajin farko na babbar sakandare ba zai tarar an rufe masa ƙofa a ranar rajista. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga shugabannin makarantu da jami'an ilimi na shiyya da ƙungiyoyin iyaye da malamai da su binciki wannan giɓi, su kuma riƙa wayar da kan yara kafin su zaɓi ajin kimiyya ko na adabi.

Mun san wasu iyaye suna ɗari-ɗari da harkar fim saboda tarbiyya, kuma ba za a raina damuwarsu ba. Irin wannan damuwa ce ta sa aka janye shirin gina dandalin fina-finai a Ƙofa ta Jihar Kano a 2016. Amma kyamara kamar wuƙa ce, abin da mai riƙe da ita ya nufa shi take yi. A wannan shekarar ta 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Gajeren fim da Hausa, wanda ɗan Ikara ya ɗauka a gonar Ikara, zai isar da hanyar rigakafi ga manomi fiye da takardar da ba kowa ke iya karantawa ba. Haka batun allurar rigakafi da zuwa awon ciki da sana'ar mazarƙwaila ta Maƙarfi da Kudan. Cibiyar NAERLS da ke Samaru ta daɗe tana shirya wa manoma shirye-shiryen rediyo da talabijin, kuma irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ƙwararru.

Daga ƙarshe, muna tunatar da ɗalibai cewa akwai Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kaduna, akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024. Ya kamata kansiloli da hakimai da dagatai su riƙa sanar da jama'a lokacin da aka buɗe neman waɗannan, su kuma taimaka wa yara wajen samun takardar shaidar ƙaramar hukuma a kan kari. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri, amin.