Farasetamol ga mace mai juna biyu: abin da Trump ya faɗa, abin da bincike ya nuna

Ranar 22 ga watan Satumba na 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya tsaya gaban ƴan jarida a fadar White House, ministansa na kiwon lafiya Robert F. Kennedy Jr. na gefensa, ya yi kira ga mata masu juna biyu da kada su sha Tylenol. Ya maimaita kiran sau da dama. Ya ce su daure wa ciwo, sai fa idan zazzaɓi ya yi tsanani matuƙa, domin a cewarsa maganin na da hannu wajen haddasa lalurar otizim ga yara, wadda wasu kafofin labarai na Hausa ke kira galahanga.

Sunan Tylenol baƙo ne a Nijar, amma abin da ke cikin ƙwayar kowa ya san shi. Farasetamol ne, wanda ake saye a farmasi da sunan Doliprane ko Efferalgan, ake kuma samu a tiren mai talla daga Yamai har Damagaram. Shi ne maganin farko da unguwarzoma ke rubuta wa mai ciki idan kanta na ciwo ko jikinta ya yi zafi. A ƙasar da mace ke haihuwar ƴaƴa kimanin shida a matsakaicin lissafi, ke nan tana shafe shekaru masu yawa na rayuwarta da ciki, maganar da ta taɓa wannan ƙwaya ta shafi kowane gida.

Martanin hukumomin lafiya

Ba a yi kwana biyu ba sai martani ya fito daga kowace kusurwa. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce babu wata sabuwar hujja da za ta sa a canza shawarar da ake bai wa masu ciki. Hukumomin magunguna na Ingila da Faransa sun faɗi haka. Ranar 24 ga Satumba, hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar da sanarwa cewa babu tabbatacciyar hujjar kimiyya da ke haɗa shan farasetamol lokacin goyon ciki da otizim. A Amurka kanta, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta kira kalaman na ganganci.

Abin lura ma shi ne wasiƙar da hukumar FDA, mai kula da magunguna ƙarƙashin gwamnatin Trump, ta aika wa likitoci ranar 22 ga Satumba. A cikinta ta amince cewa ba a tabbatar maganin ne ke haddasa lalurar ba, kuma shi ne mafi aminci ga mai ciki cikin magungunan zazzaɓi da ciwon jiki da ake saye ba da takardar likita ba. A ƙarshen Oktoba, Kennedy da bakinsa ya ce hujjojin ba su kai a ce lalle maganin na kawo otizim ba. Sai dai wannan gyara bai yi tafiyar da maganar farko ta yi ba.

Inda zargin ya samo tushe

Zargin yana da mafari. Shekaru da dama wasu bincike sun lura cewa yaran da iyayensu mata suka sha farasetamol da ciki sun ɗan fi sauran samun otizim ko matsalar rashin natsuwa. A watan Agusta na 2025 wasu masana, cikinsu har da Andrea Baccarelli, shugaban makarantar lafiyar jama'a ta jami'ar Harvard, suka tattara bincike 46, suka ce fiye da rabinsu sun nuna irin wannan alaƙa. Da wannan aiki fadar White House ta dogara. Shi Baccarelli ya taɓa ba da shaida a matsayin ƙwararre ga masu ƙarar kamfanonin magani, amma a Disamba na 2023 mai shari'a Denise Cote ta wata kotun tarayya a New York ta ƙi karɓar shaidar ƙwararrun masu ƙarar, bisa dalilin cewa hanyar da suka bi ba ta da inganci.

Matsalar irin waɗannan bincike mai sauƙin fahimta ce. Abu biyu na iya zuwa tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Da damina ake cin ɗanyar masara, da damina kuma masassara ke yawaita, amma sauro ne mai laifi, masara ba ruwanta. Haka mace ba ta shan farasetamol don nishaɗi. Tana sha ne saboda zazzaɓi, ko wata cuta da ta kama ta, ko ciwon kai mai naci, kuma waɗannan su da kansu na iya shafar ɗan da ke ciki. Ga kuma gado, wanda masana suka daɗe da tabbatar da cewa shi ke da kaso mafi girma a lamarin otizim.

Don raba gardama, masu bincike a ƙasar Suwidin suka bi wata dabara. Sun duba bayanan yara kusan miliyan 2 da dubu 500 da aka haifa tsakanin 1995 da 2019. Da suka kwatanta yaran baki ɗaya, sun ga ɗan bambanci: kashi 1,53 cikin ɗari na waɗanda uwayensu suka sha maganin sun samu otizim kafin cika shekara 10, sauran kuma kashi 1,33. Daga nan suka kwatanta ƴan uwa ciki ɗaya, inda uwa ta sha maganin a cikin wannan, ba ta sha a cikin wancan ba. Sai bambancin ya ɓace. Da a ce ƙwayar ce ke kawo lalurar, da an ga haka tsakanin wa da ƙane. An wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA a watan Afrilu na 2024. Wani bincike a Japan kan yara kimanin dubu 200, da ya bi wannan hanya, ya zo da sakamako iri ɗaya. A Nuwamba na 2025 mujallar BMJ ta Ingila ta sake tace dukkan bitocin da aka yi, ta ce babu hujja bayyananna.

Sauran hujjar ƴan siyasa ita ce ƙaruwar adadi. A Amurka, daga yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, alƙaluman hukuma sun kai 1 cikin 31. Masana sun danganta mafi yawan wannan hauhawa da faɗaɗa ma'anar lalurar da yawaitar gwaji. Inda babu masu gwaji ba za a ga adadi ba, shi ya sa maganar da Trump ya yi cewa kusan babu otizim a Kuba ba ta tsaya ba. OMS na ƙiyasta mutum 1 cikin 127 a duniya na da lalurar, wato kimanin miliyan 62.

Haɗarin yana wani wuri

Mai cikin da ta ji tsoron farasetamol hanya biyu ke gabanta, kuma kowace ta fi muni.

Ta farko, ta daure kamar yadda Trump ya ce. Zazzaɓi mai zafi da aka bari, musamman a watanni uku na farko, an danganta shi da ɓarin ciki da naƙasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri, daga baya kuma da haihuwar bakwaini. A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili. A nan zafin jikin mai ciki sau da yawa masassarar cizon sauro ce, wadda ke shanye jinin uwa, ta rage nauyin jariri, wani lokaci ta kashe shi a ciki. Farasetamol na sauke zafi amma ba ya kashe ƙwayar cutar. Don haka duk mai cikin da jikinta ya yi zafi, maganar ita ce ta je likita a gwada jininta a ranar, ko ta sha ƙwaya ko ba ta sha ba.

Ta biyu, ta canza magani. A nan ne babban haɗarin yake. Ibuprofen, diclofenac da asfirin mai yawa, dangin magungunan rage kumburi, su ne waɗanda aka tabbatar suna cutar da ɗan tayi. Suna iya taɓa ƙodarsa har ruwan mahaifa ya ragu, suna kuma iya rufe wata jijiyar jini kusa da zuciyarsa da bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. A Oktoba na 2020 FDA ta ce a guje musu daga mako na 20. A Faransa an hana su kwata-kwata daga farkon wata na shida, ko da ƙwaya ɗaya ce. Asfirin ɗan kaɗan da likita ke rubuta wa mai haɗarin hawan jini na ciki shi ne aka keɓe, shi ma sai da umurninsa. Tramol kuwa, idan uwa ta saba da shi, jariri na iya zuwa duniya da alamun kamun ƙwaya.

Waɗannan duka ana samunsu a tiren masu talla, an ɓare su daga kwali, babu takarda, sun sha rana. Wasu ƙwayoyin ciwon jiki ma gauraye ne na farasetamol da ibuprofen ko diclofenac, mai saye bai sani ba. OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

Wannan ba ya nufin farasetamol alewa ne. Idan ya yi yawa yana lalata hanta, yana kuma kisa. Ƙa'idar da hukumomi suka daɗe a kai ba ta canza ba: a sha idan da buƙata, mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, na ɗan gajeren lokaci. Ga babba, kada ya wuce giram 1 a sha guda, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a haura giram 3 a yini sai da izinin likita.

Idan mai mulki ya zama likita

Me ya sa shugaban ƙasa zai yi gaban bincike? Tun watan Afrilu na 2025 Kennedy ya yi alƙawarin cewa kafin Satumba za a san musabbabin otizim, tambayar da masana suka kwashe shekaru gommai suna bi. Wa'adin siyasa ya cika, dole a fito da amsa. Kennedy ya yi suna ne da yaƙi da alluran rigakafi, kuma a taron na ranar 22 Trump ya sake jefa shakku kan alluran yara. Tushen wannan zargi shi ne rahoton likitan Ingila Andrew Wakefield na 1998, wanda mujallar Lancet ta janye a 2010, aka kuma ƙwace masa lasisin aiki. A ƙarshen Oktoba na 2025, babban lauyan jihar Texas, Ken Paxton, wanda a lokacin yake neman kujerar majalisar dattawa, ya kai kamfanonin da ke da Tylenol kotu.

Afirka ta san kuɗin da irin wannan ke ci. A Maris na 2020, bayan Trump ya yaba wa kulorokin a kan korona, hukumomin Legas sun ba da rahoton mutanen da aka kwantar saboda sun sha fiye da ƙima. A Afirka ta Kudu, shakkun da shugaba Thabo Mbeki ya nuna kan cutar sida ya jinkirta raba magani, kuma wani binciken Harvard na 2008 ya ƙiyasta rayuka fiye da dubu 330 da aka rasa. A 2003 Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya sun dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Kafin a koma a 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye.

Sai dai rashin yardar jama'a na da tarihi da bai kamata a raina ba. A Kano, gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo. A Turai da sauran sassan duniya, talidomid ya sa an haifi jarirai fiye da dubu 10 da naƙasa kafin a janye shi a 1961. A Faransa, Dépakine, maganin farfaɗiya, an tabbatar yana kawo naƙasa da matsalar ƙwaƙwalwa, har da otizim, ga ƴaƴan da aka yi cikinsu ana shan sa, kuma an makara wajen gargaɗin mata. Amma a waɗannan lamura biyu na ƙarshe, da aka zurfafa bincike hujja ƙaruwa ta yi. A lamarin farasetamol, duk sa'ad da aka kyautata binciken sai alaƙar ta dushe. Wannan shi ne ma'aunin da ya raba gargaɗi na gaskiya da na siyasa.

Akwai kuma waɗanda maganar ta fi yi wa ciwo: uwayen yara masu otizim. A inda ake danganta lalurar da iskoki ko sammu, uwa ce ake fara nuna wa yatsa. Yanzu an ƙara mata zargin cewa ƙwayar da ta sha don ciwon kai ce ta jawo. Binciken Suwidin ya wanke ta daga wannan.

Abin da ya rage

Ga mai ciki a Maraɗi ko Tawa, shawarar ba ta canza ba. Ta fara zuwa awo da wuri, ta sha maganin kariya daga masassara da ake bayarwa daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa, ta kwana cikin sange. Idan jiki ya yi zafi ta je a gwada ta. Idan ciwo ya dame ta, farasetamol na farmasi bisa ƙa'ida, kuma kada ta karɓi wata ƙwayar ciwon jiki daga hannun mai talla. Mazaje da surukai, waɗanda galibi su ke sayo magani su kuma yanke shawarar zuwa likita, su ma wannan bayani ya shafe su.

Aiki na kan ma'aikatar kiwon lafiya da gidajen rediyo. Saƙon murya a WhatsApp da ke cewa shugaban Amurka ya hana farasetamol ba ya buƙatar fassarar rahoton JAMA kafin ya zagaya gari. Amsarsa ita ma sai ta zo da Hausa da Zabarmanci, daga bakin unguwarzoma da likitan da mata suka sani, kuma ta ambaci ibuprofen da diclofenac da sunansu.