Ƙaura da Dattijo daga Filato

A unguwar Filato ta Yamai, ofisoshi da ƙungiyoyin ƙasashen waje sun sa haya ta fi ƙarfin ɗan fansho. Sai ka ga dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikatun unguwar ana loda masa katifa da buta, an nufi unguwar Koira Tegui. 'Ya'ya suna murnar samun tsakar gida mai faɗi, ni kuwa ƙafarsa nake dubawa. Wa ya auna tudun ƙofar makewayi kafin a biya kuɗi? A da, da sandarsa yake takawa masallaci, Asibitin Ƙasa kuma ba nisa. Yanzu rairayi ke cafke keken guragu tun daga bakin zaure, ga hawan motar haya ta faba-faba da ciwon gwiwa. Abokan hirar la'asar kuwa, sai dai a waya.